ZARE: Ranar da teku ya kwanta, tarihin jiran igiyar ruwa a Hawayi

1/ Jama'a, in aka nuna muku hoton bakin tekun Waimea na watan Janairu, sannan aka nuna muku na watan Yuli, wallahi za ku ce ba wuri ɗaya ba ne. A Janairu, ranar da teku ya fusata, igiyar ruwa kan kai tsayin bene mai hawa huɗu. A Yuli kuwa ruwan kwance yake luf kamar an zuba a faranti. Zaren yau a kan wannan kwanciyar ne. Ku gyara zama 🧵

2/ Waimea tana gaɓar arewa ta tsibirin Oahu, a Hawayi, can tsakiyar tekun Pasifik. Daga garin Haleiwa zuwa Sunset Beach kimanin kilomita 11 ne, kuma a ɗan tsakanin nan ake da wuraren hawan igiyar ruwa da suka fi suna a duniya: Waimea, Pipeline da Sunset. Ruwan wurin da ɗuminsa duk shekara, digiri 24 zuwa 27.

3/ Ga wanda bai san wasan ba: mutum zai kwanta rub da ciki a kan dogon allo, ya tuƙa da hannuwansa ya shiga cikin teku, ya zauna jira. In igiya ta taso sai ya juya ya bi ta, ta ɗauke shi, ya yi wuf ya miƙe tsaye, ya sulalo a jikinta har ta mutu. Da harshen Hawayi sunansa he'e nalu, wato zamiya a kan igiya.

4/ Kun ga ɗan ƙwallo, ko a lungu ya samu fili ya dasa duwatsu biyu an gama magana. Mai hawan igiya ba shi da wannan gatan. In teku bai kawo ba, to babu wasa, ko kai ne gwanin duniya. Daga Mayu zuwa Satumba gaɓar arewa kan yi makonni a jere babu igiyar kirki ko ɗaya.

5/ Abin da nake so mu bi diddigi shi ne yadda mutane suka yi da wannan jiran. Mataki uku aka bi: da farko roƙo, daga baya lissafi, yanzu inji. Kuma a kowane mataki, ku lura da hannun da igiyar take komawa. Nan tarihin yake.

6/ Tukuna, me ke sa teku ya kwanta? Igiyar da ake hawa ba iskar bakin gaɓa ce ke haifarta ba. Guguwa ce ke tashi can nesa, dubban kilomita, ta yi ta busa fuskar ruwa. Abu uku ke yanke girman igiyar: ƙarfin iskar, daɗewar da ta yi tana busawa, da faɗin ruwan da ta busa.

7/ Guguwar za ta mutu, amma igiyoyin da ta haifa su ci gaba da tafiya. Jerin igiyoyin da ke da tazarar daƙiƙa 15 tsakanin wannan da ta bayanta na cin kusan kilomita 1,000 a kwana guda. Kamar a ce Kano zuwa Legas kullum, ba tsayawa shan mai.

8/ A hunturu manyan guguwa na tashi tsakanin Japan da tsibiran Aleutian na Alaska, kuma gaɓar arewa ta Oahu can take kallo. Cikin 'yan kwanaki igiyoyin sun iso. Tsibirin tsohon dutse ne mai aman wuta da ya fito daga ruwa mai zurfi, don haka ba abin da ke rage musu ƙarfi sai sun ci karo da duwatsun murjani na bakin gaɓa, su miƙe tsaye.

9/ Da bazara ta shigo, guguwar arewa sai ta yi sanyi, gaɓar arewa ta kwanta. Lokacin ne kudancin duniya ke nasa hunturun, guguwa na tashi a wajajen Niyu Zilan. Igiyoyinta kan yi kamar mako guda a hanya kafin su iso gaɓar kudu, wato Waikiki. Sun sha tafiya, ba su kai na arewa girma ba, kuma a tsakanin zuwa da zuwa can ma ruwan kwanciya yake.

10/ MATAKI NA ƊAYA: ROƘO. Mutanen Hawayi sun yi ɗaruruwan shekaru suna wannan wasa kafin Bature ya san da tsibiran. Maza da mata, yara da manya, talaka da basarake. Sarki Kamehameha na Ɗaya, wanda ya haɗe tsibiran ƙarƙashin sarauta guda, gwani ne. Matarsa Ka'ahumanu ma haka.

11/ Har allon ma aji-aji ne. Akwai olo, dogo mai kauri da kan kai mita 5, ana sassaƙa shi da icen wiliwili, na sarakuna ne. Akwai alaia, siriri, mita 2 zuwa 3, yawanci na icen koa, shi kowa ke hawa. Ana gasa, ana caca a kai sosai, mutum kan sa kwalekwalensa ko aladunsa ya wayi gari ba su.

12/ To in teku ya kwanta fa? Ba zama suke su zuba tagumi ba. Akan tsinko yaɗon wata ciyawar bakin teku mai suna pohuehue, a shiga ruwa ana dukan fuskar teku da ita, ana rera kiran igiya ta taso. A Kahalu'u, a babban tsibirin Hawayi, har yau akwai kufan wani wurin bauta na duwatsu, Ku'emanu, da ake dangantawa da roƙon igiya.

13/ Duk wanda ya tashi a ƙasar noma ya san wannan halin: ido a sama, ana jiran abin da ba a hannunka yake ba. A wancan zamani sarki da talaka duk jira ɗaya suke. Sarki na iya keɓe wa kansa wuri mai kyau, amma ba shi da ikon sa teku ya motsa, kuma bai san ranar da zai motsa ba.

14/ Kafin wani ya ce ai wannan wasan Turawa ne: ko a nan Afirka ta Yamma, wani Bajamushe, Michael Hemmersam, ya rubuta tun shekarun 1640 cewa ya ga yara a kan alluna cikin igiyar ruwa a gaɓar da yau ake kira Ghana. Masanin tarihi Kevin Dawson ya yi aiki a kan wannan. Turawa daga baya suka zo suka tarar.

15/ A Janairun 1778 jiragen Kyaftin James Cook na Ingila suka iso Hawayi. Shekara guda bayan haka, 14 ga Fabrairun 1779, aka kashe shi a Kealakekua. Mataimakinsa James King ya rubuta bayanin hawan igiya da ya gani a wurin, cike da mamaki. Sai dai jiragen ba mamaki kaɗai suka kawo ba, har da cututtuka.

16/ Cututtukan sanyi, ƙyanda, tari, agana, duk baƙi ne ga jikin mutanen tsibiran. Masana da dama na ƙiyasta yawansu a zamanin Cook da wajen 300,000, wasu sun kai shi ninki biyu ko fiye. Zuwa shekarun 1890 'yan asalin Hawayi sun koma kimanin 40,000. Ku sake karanta alƙaluman nan a hankali.

17/ A 1819 aka rushe dokokin kapu, wato haramce-haramcen gargajiya da addinin da ke riƙe da su. A 1820 'yan mishan daga Amurka suka sauka. Ba su son tsiraici, ba su son caca, ba su son a bar aiki a tafi teku. Jagoransu Hiram Bingham ya rubuta cewa raguwar wasan alama ce ta ƙaruwar kunya da himma da addini.

18/ Sai maganar ƙasa. A 1848 aka yi rabon filaye da ake kira Mahele, a 1850 aka ba baƙi damar mallaka. Kafin a ankara gonakin rake na Turawa sun cinye wuri. Wanda a da yake noman gwaza ya kama kifi, ya bar aiki duk ranar da igiya ta zo, yanzu ɗan ƙwadago ne, ƙararrawa ke tashinsa.

19/ Ranar 17 ga Janairun 1893 wasu 'yan kasuwa Turawa, da sojojin ruwan Amurka a bayansu, suka hamɓarar da Sarauniya Lili'uokalani. A 1896 aka mai da Turanci harshen koyarwa a makarantu. A 1898 Amurka ta haɗe tsibiran. Sai a 1993 majalisar Amurka ta nemi afuwa a rubuce, Bill Clinton ya sa hannu. Afuwa dai, ba a mai da ƙasa ba.

20/ Za ku ji ana cewa wasan ya mutu murus sai da Turawa suka farfaɗo da shi. A'a. Ya ragu ƙwarai, amma bai mutu ba. A 1885 'ya'yan sarauta uku na Hawayi da ke karatu a Kalifoniya sun sassaƙa alluna sun hau igiya a Santa Cruz. Gimbiya Ka'iulani ma tana hawa a Waikiki.

21/ Abin da Turawa suka gano shi ne wasan na iya sayar da ɗakin otal. A 1901 aka buɗe otal ɗin Moana a Waikiki. A 1908 Alexander Hume Ford ya kafa kulob ɗin Outrigger, wanda ya zama na masu hannu da shuni, akasari Turawa. 'Yan ƙasa suka tsaya da nasu, Hui Nalu, a 1911, suna taruwa a gindin bishiya a bakin ruwa.

22/ Cikinsu akwai Duke Kahanamoku. Duke sunansa ne na yanka, ba sarauta ba. Ya ci zinare a ninƙayar mita 100 a gasar Olamfik ta 1912 a Stockholm, ya maimaita a 1920 a Antwerp. Duk inda ya je sai ya nuna hawan igiya. Nunin da ya yi a Sydney a ƙarshen 1914 da farkon 1915 har yau Ostireliya na tunawa da shi.

23/ Me ya sa Waikiki ce ta zama kasuwar? Saboda igiyarta mai sauƙin kai ce, doguwa, mai tafiya a hankali, ba ta karya baƙo. Har ranar da ruwa ya kusa kwanciya ana iya tura ɗan yawon buɗe ido ya miƙe a ɗauke shi hoto. A shekarun 1920 aka haƙa magudanar Ala Wai, aka busar da fadamun gwaza da tafkunan kifi, otal-otal suka hau kai.

24/ MATAKI NA BIYU: LISSAFI. Shi wannan yaƙi ne ya kawo shi. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin ƙawance na buƙatar sauke dubban mutane daga ƙananan jirage a bakin teku. Igiya ta ɗan yi girma, jirage su kife, sojoji su nutse da kayansu tun ba a yi harbi ba. Su ranar da teku zai kwanta suke nema ido rufe.

25/ Masana biyu, Harald Sverdrup da ɗalibinsa Walter Munk na cibiyar binciken teku ta Scripps a Kalifoniya, suka fitar da hanyar hasashen girman igiya daga bayanan iska. Aka horar da jami'an soja a kai, aka yi amfani da ita har a saukar Normandy ta Yunin 1944. Ilimin da masu wasa ke neman igiya da shi yau, don guje mata aka ƙirƙire shi.

26/ A 1963 Munk ya yi wani gwaji mai ban sha'awa. Ya jera tashoshin awo guda 6 a tsawon Pasifik: Niyu Zilan, Samoa, tsibirin Palmyra, Hawayi, wani jirgin bincike mai suna FLIP, sai Yakutat a Alaska. Shi da iyalinsa suka tare a Samoa. Suka bi igiyoyi daga guguwar kudu har inda suka ƙare.

27/ Abin da suka gano: da zarar igiya ta bar yankin guguwar da ta haife ta, ƙarfin da take asara a hanya kaɗan ne. Tana iya ratsa tekun gaba ɗaya. Kuma masu doguwar tazara su ke fara isowa, gajeru na biye, don haka daga bakin gaɓa kana iya lissafa nisan guguwar da ranar da ta tashi.

28/ Ana cikin haka, matasan Kalifoniya sun fara kwararowa gaɓar arewa, wadda a lokacin ƙauye ce, gonakin rake da abarba. Ana tsoron Waimea tun da wani matashi, Dickie Cross, ya ɓace a wurin a Disambar 1943. A Nuwamban 1957 Greg Noll da abokansa suka shiga suka hau. A 1961 Phil Edwards ya hau Pipeline, aka ɗauka a fim.

29/ Fina-finai da mujallu suka yaɗa labari, a 1959 Hawayi ta zama jiha ta 50, jiragen sama masu sauri suka rage nisa. Sai gaɓar arewa ta koma rayuwa biyu. Hunturu: baƙi, kyamarori, gasa, kuɗi. Bazara: baƙin sun watse, ruwa ya kwanta, 'yan gari sun samu tekunsu su yi su, su yi nutso, yara na tsalle daga kan babban dutsen Waimea.

30/ A nan Eddie Aikau ya shigo. An haife shi a 1946 a tsibirin Maui, iyalinsa suka koma Honolulu suna kula da wata maƙabartar 'yan Sin, a cikinta suke zaune. Shi ne mutum na farko da hukuma ta ɗauka aikin ceton masu nutsewa a Waimea. Ana lissafa masa ceto sama da 500, kuma ba wanda ya mutu a wurin yana bakin aiki.

31/ A 1976 aka fara gasar ƙwararru ta zagayen duniya. Ranar gasa sai a ce kowa ya fita daga ruwa, a bar wa 'yan takara. Ku duba fa: mutum ya yi wata biyar yana jiran teku ya tashi, ranar da ya tashi a ce masa ya matsa, baƙi za su yi wasa a ƙofar gidansa. A shekarar 'yan ƙasa suka kafa ƙungiyar Hui O He'e Nalu, masu baƙin gajeren wando.

32/ A wannan shekarar rikici ya ɓarke. Wasu 'yan Ostireliya sun cika baki a mujallu cewa sun fi 'yan Hawayi. Ɗayansu, Wayne Bartholomew da ake kira Rabbit, ya sha duka har ya rasa haƙora, ya ɓuya a masauki. Eddie ne ya je ya same shi, ya haɗa zaman sulhu irin na gargajiyarsu, ho'oponopono, aka kashe wutar.

33/ Jaridun waje sun riƙa kiran 'yan ƙungiyar 'yan daba. Masanin tarihi ɗan Hawayi, Isaiah Helekunihi Walker, a littafinsa Waves of Resistance na 2011, ya kalli abin ta wata fuska: an ƙwace mulki, an ƙwace fili, an danne harshe, wurin da igiya ke karyewa ne ya rage inda ɗan ƙasa ke da ta cewa. Duka dai ba abin yabo ba ne, amma fushin yana da asali.

34/ A 1977 Eddie ya ci gasar tunawa da Duke a Sunset. Ranar 16 ga Maris 1978 ya shiga ayarin Hokule'a, kwalekwalen gargajiya mai tafiya Tahiti da taurari, ba na'ura. Cikin dare ya kife a kudu da tsibirin Molokai. Washegari Eddie ya ɗauki allonsa ya nufi Lanai neman agaji. An ceto sauran duka. Shi ba a sake ganinsa ba, yana da shekara 31.

35/ Gasar da ake yi don tunawa da shi a Waimea tana da sharaɗi: sai fuskar igiya ta kai wajen ƙafa 40, kimanin mita 12. In ba ta kai ba, a haƙura sai baɗi. Daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa Janairun 2023 sau 10 kacal aka yi ta. Ta 2023 Luke Shepardson ya ci, ma'aikacin ceto da ke bakin aiki a ranar, yana karɓar izini ya shiga ya fito ya koma aiki.

36/ Mu koma kan lissafi. A da sanin ranar igiya na wanda ke zaune a wurin ne: ya san iska, ya san wata, ya san launin ruwa. Baƙo sai ya zo ya tare, ya yi jira tare da 'yan gari, ya san su, su san shi. Jiran kansa shinge ne. Wanda ba shi da haƙuri ya koma gida.

37/ A 1985 aka buɗe Surfline a Kalifoniya: ka buga waya, ka biya, a faɗa maka yanayin igiya. Sean Collins ne ya yi suna a hasashen. A 1996 suka sa kyamarar da ke nuna bakin teku kai tsaye a intanet. Haɗa da tauraron ɗan adam da na'urorin awo masu shawagi a kan ruwa, yau ana ganin igiya tafe tun saura kwanaki.

38/ Sakamakon? Mai kuɗin tikiti ya daina jira. Yana zaune a Los Angeles ko Sydney zai ga guguwa a waya, ya hau jirgi, ya iso tare da igiyar, ya hau, ya koma. Ɗan gari da ya yi bazara guda yana kallon ruwa a kwance sai ya tarar da cunkoso ranar farko. Hasashen ya ceci rayuka, wannan gaskiya ne, amma ya rushe shingen.

39/ MATAKI NA UKU: INJI. In ana iya hasashenta, me zai hana a ƙera ta? A 1969 aka buɗe Big Surf a Tempe, jihar Arizona, tsakiyar hamada: tafki mai injin tura ruwa. A 1985 har gasar ƙwararru aka yi a wani tafki a Allentown, jihar Pennsylvania, Tom Carroll ya ci. Igiyar ƙarama ce, an daɗe ana yi wa gasar dariya.

40/ Dariyar ta tsaya a Disambar 2015, da Kelly Slater, zakaran duniya sau 11, ya saki bidiyon tafkinsa a Lemoore, cikin gonakin Kalifoniya, nesa da teku. Wani ƙaton ƙarfe ake ja a cikin ruwa, ya tayar da igiya doguwa mai lanƙwasa, iri ɗaya sak kowane karo. Ba hunturu, ba bazara. Sai dai akwai ƙofa, akwai mai gadi, akwai farashi.

41/ Abin ya zagayo har gida. A 2023 aka buɗe tafkin igiya na Wai Kai a Ewa Beach, a kan Oahu ɗin kanta, da ruwan daɗi ake cika shi. 'Yan ƙasa da dama suka yi ƙorafi, musamman da yake a ƙarshen 2021 man da ya tsiyaya daga rumbunan sojan ruwa na Red Hill ya gurɓata ruwan shan dubban gidaje. Tsibiri ne, ruwan sha a ƙididdige yake.

42/ Ko Olamfik ba ta tsira daga kwanciyar teku ba, tunda a bazara ake yin ta. A Tokyo, a Yulin 2021, karon farko da aka sa wasan, an yi ta fargabar ƙarancin igiya, sai wata guguwa ta kawo, aka matso da wasan ƙarshe da kwana guda don a cim mata. Carissa Moore, 'yar asalin Hawayi, ta ci zinaren mata.

43/ Ga wani abu: a gasar ƙwararru ta duniya 'yan Hawayi da tutar Hawayi suke fita, daban da Amurka. A Olamfik babu wannan, da tutar Amurka Carissa ta karɓi zinarenta. Wasan kakanninta, tutar waɗanda suka hamɓarar da sarauniyarsu. An yi muhawara sosai a kan haka a tsibiran.

44/ A 2024 Faransa ba ta yi caca da bazararta ba. Ta kai wasan Teahupo'o a Tahiti, sama da kilomita 15,000 daga Paris, inda Yuli lokacin manyan igiyoyi ne. Mutanen ƙauyen sun yi zanga-zanga kan hasumiyar alƙalai da aka kafa a kan murjaninsu, har aka rage girmanta. Ɗan Tahiti, Kauli Vaast, ya ci zinaren maza.

45/ To yau in ka je gaɓar arewa a Yuli me za ka tarar? Ruwa garau kana hango ƙasa, kunkurun teku, masu nutso a Shark's Cove inda a hunturu ko kusa ba a zuwa. Gwanayen igiya na tuƙa allo don kada jiki ya mutu. Ƙungiyar masu baƙin wando na shirya tseren tuƙi kowace 4 ga Yuli, kuma tun 1997 ana tseren Molokai zuwa Oahu, wajen kilomita 52.

46/ Amma su wa ke zaune a gidajen bakin ruwan? Ƙauyen rake na jiya yanzu gidajen miliyoyin daloli ne da na haya ga baƙi. Ƙidayar Amurka ta 2020 ta nuna 'yan asalin Hawayi da ke zaune a sauran jihohi sun fi waɗanda ke Hawayi yawa. Tsadar rayuwa na cikin manyan dalilai. Da yawa Las Vegas suka koma, cikin hamada.

47/ Kun ga yadda aka bi. Lokacin roƙo kowa jira yake. Lokacin lissafi mai tikiti ya daina jira. Lokacin inji mai kuɗi na sayen igiyarsa da awa. Watannin da ruwa ke kwance, da baƙi ke ganin asara ce, su ne suka rage lokacin da ɗan gari ke shiga Waimea ba mai ce masa ya matsa.

48/ Tambayata gare ku: in abin gadon mutane ya zama kasuwar duniya, ya kawo aiki da suna amma ya kore su daga unguwarsu, riba aka ci ko faɗuwa? Ina son jin ra'ayinku, musamman masu karanta tarihi da yawon buɗe ido.  A tura wa abokai 🙏🏾